Windows 10 ya kai ƙarshen wa'adinsa: abin da ya kamata a sani kafin a yi ma tsohuwar kwamfuta formataj

Kwanakin nan akwai tambaya guda da ke ta dawo mana ta tarho da WhatsApp. Malamin lekol ya yi ta daga wajen Tasawa, ɗalibar jami'a ta yi ta daga Damagaram, wani ɗan uwanmu da ke aiki a Beljiyam shi ma ya yi ta bisa kwamfutar da ya aiko ma ƙanensa. Dukansu abu guda suka gani: sun kunna ordinater, sai ga rubutu ya fito bisa ekaran wai Windows ɗin da ke ciki ya kai ƙarshen wa'adinsa. To, na'urar ta mutu ke nan? A sayar da ita? A kai ma mai gyara? Ko a yi kamar ba a gani ba?

Abin da ya hana mu amsawa a gurguje shi ne labarin wata baiwar Allah, ma'ajiyar wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa. Kwamfutar ƙungiya ta yi nauyi, aka ba wani yaro ya kai ta birni. Mai gyara ya ce sai formataj, yaro ya ce to. Da yamma ta dawo tana gudu kamar sabuwa, amma lissafin zubi da bashi na shekara uku ya tafi. Ba wanda ya tambaye ta ko akwai abin da za a kwashe, ita kuma ba ta san formataj shara ce da ba ta barin komai ba. Har yau ana gardama cikin ƙungiyar bisa wa ya biya, wa bai biya ba. Don kada irin wannan ta sake faruwa ga wani, bari mu bi maganar daki-daki.

Mece ce uwar manhaja?

Kwamfuta abu biyu ce a haɗe. Akwai ƙarfe da robar da ake taɓawa: ekaran, madannai, batir, da kayan ciki. Akwai kuma manhajojin da ke sa ta aiki. Cikin manhajojin akwai uwa, wadda masu gyara ke ce ma sistem. Ita ce ke tashi da farko in an kunna, ita ke raba aiki, ita ke sa abin da ka danna ya fito bisa ekaran, ita ke buɗe hanya ga sauran manhajoji irin su Word, Excel da Chrome. Kamar sarkin tasha take: motoci da direbobi na nan, amma in ba shi, ba a san wa ke lodi ba, wa ke tashi.

Windows na kamfanin Microsoft na Amurka ita ce uwar manhajar da aka fi sani a wajenmu. Amma akwai wasu. Kwamfutocin Apple na aiki da macOS, yawancin wayoyinmu na aiki da Android, sannan akwai Linux da za mu yi magana bisansa nan gaba. Abin riƙewa shi ne ana iya cire uwar manhaja a sa wata, ƙarfen na nan yadda yake.

Me ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025?

Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli 2015. Shekara goma kamfanin na aiko mashi da gyare-gyare kowane wata ta intanet, abin da muke kira mizajur. Ranar 14 ga Oktoba 2025 aka tsaida wannan aike na kyauta. Ranar ce kuma aka daina kula da Office 2016 da Office 2019. Kafin nan an riga an sallami na baya: Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023.

Kwamfutar ba za ta mutu ba don wannan. Za ta kunnu, za ka yi rubutu, za ka kalli bidiyo. Abin da ya tsaya shi ne yaɓe. Duk mai ɗakin ƙasa ya san kafin damina sai an bi bango an toshe inda ya tsage. Shekarar da ba a yi ba, ɗakin ba ya faɗuwa ran nan, amma ruwa ya samu hanya. Haka Windows yake: kullum masu kutse na gano sabbin ɓaraka cikinsa, kamfani na toshewa. Yanzu an daina toshe na Windows 10, su kuwa ba su daina nema ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An taɓa ganin misali. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe sama da 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa. Har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya da yawa. Alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su yi mizajur ba.

Matsala ta biyu a hankali take zuwa: sauran manhajoji na juya ma tsohon Windows baya. Tun farkon 2023 Chrome ya daina sabunta kansa bisa Windows 7 da 8.1. Mai irin wannan na'ura zai ga wasu shafuka na ƙin buɗewa daidai, har da na rajistar jarrabawa ko neman gurbin karatu.

Fara sanin abin da ke hannunka

Kafin shawara, sai an san na'urar. Danna maballin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, ka danna Entrée. Zai nuna maka ko Windows 7 ne, ko 10, ko 11. Sake yin haka ka rubuta msinfo32. Nan za ka ga abu biyu masu muhimmanci: sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da yawan RAM.

Ga inda ake yawan ruɗin mutane a kasuwa. Mai sayarwa zai ce maka "Core i7 ce, babba ce". Amma i3, i5 da i7 ba su ne ke nuna shekaru ba. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin zuriya. In ka ga i5-3320M, zuriya ta 3 ce, ta wajen 2012. In ka ga i5-6300U, ta 6 ce. In ka ga i5-8250U, ta 8 ce, wadda ta fara fitowa a 2017. In lambobin biyar ne, kamar i5-10210U, biyun farko ake karantawa: ta 10 ke nan. Saboda haka i3 ta zuriya ta 8 na iya shiga inda i7 ta zuriya ta 4 ba ta shiga.

Cikin na hannu da suka cika kasuwanninmu, Lenovo ThinkPad T430 da Dell Latitude E6430 ƴan zuriya ta 3 ne, HP EliteBook 840 G3 ta 6 ce, ThinkPad T480 da Latitude 7490 galibi ta 8 ne. Amma kada a dogara da sunan da ke bisa murfi, a buɗe a karanta lambar.

Hanya ta farko: hawa Windows 11

Windows 11 ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma kyauta ne ga mai Windows 10 na halal. Sai dai yana da sharuɗɗa: RAM jiga 4 ko fiye, wurin ajiya jiga 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa da ke cikin jerin da kamfanin ya yarda da shi. A taƙaice, Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000. Akwai ƴar manhaja ta Microsoft da ke duba wannan duka, sunanta da Faransanci Contrôle d'intégrité du PC. In ta ce na'urar ta cancanta, wannan ce hanya mafi sauƙi: ana hawa ta Windows Update, takardu na nan ba a share su, kuma akwai kwana 10 da mutum ke iya komawa baya in bai ji daɗi ba. Wani lokaci TPM ɗin na nan, kashe shi kawai aka yi cikin BIOS. Mai gyara na kunna shi cikin minti kaɗan.

Za ku ji masu gyara na cewa suna iya sa Windows 11 ga kowace na'ura. Gaskiya ne akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, kuma sau da yawa tana aiki. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko ma irin wannan na'ura gyara ba. Kuma tsofaffi ƙwarai, irin masu Core 2 Duo, sabon fitowar Windows 11 ba ya ma tashi bisansu. In an sa shi bisa RAM jiga 4 da tsohon faifai, sai ka kunna ka je ka ɗora shayi ka dawo bai gama buɗewa ba.

Mai Windows 7 ko 8 kuma ya sani ƙofar hawa kyauta da tsohuwar lambarsa an rufe ta tun Satumban 2023.

Hanya ta biyu: ƙarin wa'adi bisa Windows 10

Microsoft ya sanar da wani shiri mai suna ESU, wanda ke ba mutanen gida gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ko dai da biyan dalar Amurka 30, wato wajen jikka 17 na sefa, ko kuma kyauta in mutum ya haɗa na'urar da asusunsa na Microsoft ya yarda a adana saitinsa can. Sai Windows 10 ɗin ya kasance fitowar ƙarshe, mai lamba 22H2, wadda winver ke nunawa. In na'urarka na ciki, za ka ga wurin rajista a shafin Windows Update. Wannan jinkiri ne kawai, lokacin da za ka tara kuɗi ko ka koyi wata hanya.

Hanya ta uku: canza uwar manhajar gaba ɗaya

Nan Linux ke shigowa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma har yau kyauta ne, kowa na da izinin kwafa ya ba wani. Ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato: Android da ke aljihunka bisa Linux aka gina shi.

Linux iri-iri ne. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa, ya fara fitowa a 2004. Linux Mint, wanda Bafaranshe Clément Lefebvre ya fara a 2006, shi ne muka fi ba wanda ya saba da Windows shawara, don tsarin fuskarsa kusan iri guda ne: maballin buɗe manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Mint 22 da ya fito a 2024 zai ci gaba da samun gyara har 2029. Yana tashi da RAM jiga 2, ya fi sakewa da jiga 4, kuma nau'insa mai suna Xfce shi ya fi sauƙi ga na'ura mai rauni. Akwai kuma Emmabuntüs, wanda wasu ƴan sa kai a Faransa suka shirya musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, kuma an yi amfani da shi wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo.

Mint na zuwa da kayan aikinsa. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, yana kuma adanawa cikin tsarinsu. Firefox na shiga intanet, da Facebook, da WhatsApp na kwamfuta. Ana iya ƙara Chrome, VLC da Zoom. Ana sa shi da Faransanci, Ingilishi ko Larabci. Kuma cutar nan ta kile da ta addabi sibar-kafe da wuraren fotokofi, wadda ke ɓoye takardu ta maida su rakursi, ba ta aiki bisa Linux. Hasali ma da shi ake buɗe kilen da ya kamu a ceto abin da ke ciki.

Mu ma mun gwada. Akwai wata tsohuwa ƴar zuriya ta 3 da muka jingine don nauyi. Muka canza mata faifai, muka sa Mint, yanzu da ita muke yanka muryoyin da wakilai ke turowa, da manhajar Audacity. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma kada mu ɓoye maku inda yake da cikas. Word da Excel na ainihi ba su hawa kai tsaye, haka Photoshop da yawancin manhajojin lissafin kuɗi na ofis. Takardar Word mai ado da teburori da yawa na iya ɗan gocewa in an buɗe ta da LibreOffice, don haka ɗalibin da ke rubuta memuwar ya riƙa fitar da PDF kafin ya kai bugu. Wasu na'urorin buga takardu ba su da matsala, wasu sai an sha wuya. Kuma ba kowane gari ne ke da mai gyaran da ya san Linux ba. Wanda abincinsa ya dogara ga wata manhaja ta Windows, ya tabbata tukuna kafin ya canza.

Akwai kuma ChromeOS Flex na Google, shi ma kyauta. Yana da sauri, amma kusan duk aikinsa na son intanet. Inda rezo ke zuwa yana tafiya, kuma forfe ke da tsada, ba mu ga ya dace ba.

Hanya ta huɗu: a bar ta, amma a raba ta da intanet

In aikin na'urar buga wasiƙu ne, ko lissafin shago, ko nuna ma yara darasi, tana iya zama da tsohon Windows ɗinta muddin ba ta shiga intanet kuma ba kowane kile ake soka mata ba. Abin da bai kamata ba shi ne a riƙa shiga asusun banki, ko imel, ko tura hoton katin ɗan ƙasa da ita.

Sau da yawa laifin ba na Windows ba ne

Mutane da yawa na kai na'ura formataj don ta yi nauyi, bayan wata biyu nauyin ya dawo. Dalili shi ne ciwon na ga ƙarfe. Ku ɗauki faifan ajiya, wanda masu gyara ke ce ma diski-dur, a matsayin rumbu, RAM kuma tabarmar da ake baza hatsi ana aiki. In tabarma ƙarama ce, sai an yi ta kai da komowa zuwa rumbu. In kuma ƙofar rumbun matsattsa ce, aiki ya tsaya.

Tsohon faifai na da faranti da ke juyawa ciki, galibi sau 5400 a minti, da allura mai bin sa. Sabon nau'i, SSD, ba abin da ke motsi cikinsa. Yana karatu da ninkin saurin tsohon sau huɗu ko biyar, wajen ƙananan fayiloli ma ya fi haka, kuma ya fi jure girgizar babur da kura. Mai faɗin inci 2.5 na shiga gurbin tsohon a yawancin na'urori. In kuɗin mutum abu guda kawai za su iya, ya sayi SSD. Na biyu shi ne ƙara RAM daga jiga 4 zuwa 8, amma a kula: DDR3, DDR3L da DDR4 ba su shiga ma juna yadda aka ga dama, a je da na'urar a gwada. Tsohon faifan kuma kada a bar ma mai gyara. Ana saya mashi ɗan akwati ya zama wurin ajiya na waje.

Sai ƙura da zafi. Bayan hunturu, fankar ciki na cika da ƙura kamar auduga. In furosesa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, wani lokaci ya kashe na'urar. A buɗe a share, a canza man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya shi, kuma a daina aza ta bisa katifa ko bargo. In agogo na komawa wata tsohuwar shekara duk sa'ad da aka kunna, ɗan batir ne mai kamar kwabo da ke ciki ya ƙare. Kwanan wata marar daidai kuwa na hana shafuka buɗewa. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai a cire shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi wuta.

Kafin a taɓa komai, a kwashe kaya

Wannan shi ne darasin ma'ajiyar nan. A samu kile ko faifan waje, a kwafe abin da ke Documents, Bureau, Images da Téléchargements. Masu muhimmanci ƙwarai, irin lissafin ƙungiya, memuwar, takardun gona da na haihuwa da aka ɗauka hoto, a ajiye su wuri biyu: guda bisa kile, guda cikin waya ko imel. Sannan a kai kilen ga wata kwamfuta a buɗe fayilolin a gani da ido. Mun ga wanda ya kwafe rakursi zalla, ƴan alamomi masu kibiya, yana zaton takardun ne.

A rubuta kalmomin sirri na imel da Facebook bisa takarda, don waɗanda Chrome ya riƙe maka za su iya tafiya tare da shara. In na'urar na da kullen BitLocker, a nemo lambarsa mai alƙaluma 48 cikin asusun Microsoft tukuna. In babu ita, ko an ciro faifan ba a iya karanta shi. Hotunan iyali da ba ka son idon wani ya gani, ka kwashe su kafin na'urar ta bar gida.

Yadda aikin ke tafiya

Ana bukatar kile na jiga 8 wanda ba kowa ciki, don za a share shi. Ana sauko da Mint daga shafinsa na ainihi, nauyinsa wajen jiga 3. Na Windows 11 ya fi jiga 5. Tun da forfe kuɗi ne, mutum guda ya sauko da shi inda akwai Wi-Fi, kilen guda ya isa gari duka. Ana rubuta shi bisa kilen da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Sai a soka, a kunna na'urar ana danna maballin zaɓen wurin tashi: F12 ga Dell da yawancin Lenovo, Esc sannan F9 ga HP.

Daɗin Mint shi ne yana tashi daga kilen ba tare da ya taɓa faifanka ba. Nan ne wurin gwaji. A duba Wi-Fi, sauti, kamara, madannai, da na'urar buga takardu. In wani abu bai yi ba, ka zare kile ka sake kunnawa, Windows ɗinka na nan. In Wi-Fi ne kaɗai ya ƙi, a haɗa waya da kebul a ba shi intanet, ya sauko da abin da ya rage.

In komai ya yi, sai a danna girkawa. Zai tambayi harshe, tsarin madannai, da yankin agogo, a zaɓi Niamey. Sannan tambaya mai haɗari: a share faifan duka, ko a zauna gefe guda da Windows? Wanda bai tabbata ba ya zaɓi zama tare, in faifan na da fili. Duk kunnawa sai ya zaɓi wanda yake so. Girkawar galibi ba ta wuce rabin awa. Amma kada a fara sai batir ya cika ko ana bisa sola mai ƙarfi, don in kuran ya ɗauke ana tsakar rubuta faifai, sai an koma farko.

Madannai da haruffanmu

Na'urorin da ke zuwa daga Faransa da Beljiyam jerin AZERTY gare su, na Kano, Dubai da Amurka kuwa QWERTY. In an zaɓi wanda ba shi ba, ka danna A sai Q ya fito, har kalmar sirri ta ƙi shiga. A dubi haruffa shida na farkon layin sama a zaɓi daidai da su. Masu rubutu da Hausa kuma su sani ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na samuwa: Windows da Linux duka suna da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa cikin saiti, akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta da ke aiki bisa duka biyun.

Saƙo ga ƴan uwa na ƙetare

Kamfanin bincike Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama na yarwa saboda ƙarewar Windows 10. Mun san inda kayan da Turai ta gaji da su ke nufa. Za a ga masu kyan jiki da arha a Katako, a kasuwar Dole, a Kano. Wanda zai saya ko zai aiko, ya dubi zuriya: ta 8 zuwa sama, RAM jiga 8, da SSD. In ƙasa da haka ce, ba laifi, amma a saye ta da kuɗin tsohuwa kuma a san Linux za ta ci.

Kafin ku ba ɗan saƙo, ku cire asusunku na Microsoft daga ciki. Sau nawa na'ura ke isowa gida ta nemi lambar da aka tura ga wayar da ke Burusel ko Jidda, mai ita na wurin aiki? In daga wata ma'aikata ta fito, ku tabbata ba kalmar sirri bisa BIOS kuma sun sake ta daga rajistarsu, in ba haka ba tana iya kulle kanta da zarar ta shiga intanet. Ku haɗo da cajarta ta asali. Yawancinsu na karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, rubuce yake a jiki, sai dai bakin filogin Ingila ko Amurka na son adafta. In da hali, ku girka komai ku yi mizajur can inda intanet ke da arha, ku rubuta kalmar sirri a takarda ku manna cikin jaka.

A gaban mai gyara

Masu gyaranmu da yawa sun san aikinsu, amma ba su san abin da ke da daraja cikin na'urarka ba sai ka faɗa. Kada a aiki yaro. Ka je da kanka, ka yi tambaya huɗu. Me za ka sa mata, kuma daga ina ka samo shi? Za ta ci gaba da samun mizajur? Takarduna fa, ka kwashe ko in kwashe? In ka canza faifai, ina tsohon? Windows ɗin da aka fasa kullensa da ƴan manhajojin sata, wanda ake kashe ma mizajur don kada a gane, sau da yawa da cutarsa yake zuwa. Arha ce da ke ƙarewa da tsada.

Kafin ka biya, ka kunna a gabansa. Ka buɗe takarda guda daga cikin naka, ka shiga intanet, ka saurari sauti, ka rubuta sunanka ka ga haruffa na fitowa daidai.

Wanda bai gane zuriyar na'urarsa ba, ya ɗauki hoton abin da msinfo32 ya nuna ya turo mana, ko ya kira lokacin shiri, za mu duba tare. Masu lissafin ƙungiya, na makaranta ko na shago cikin kwamfuta kuma, ko ba ku da niyyar canza komai, ku nemi kile ku kwafe yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.